Taskar Hasken Taurari: Darasin Da Bai Kamata Makarantun Kabi Su Tsallake Ba

Duk wanda ya mallaki hankalinsa ranar 29 ga Maris, 2006, ba zai manta da husufin da aka yi ba. A Birnin Kebbi da Argungu wata ya tare mafi yawan fuskar rana, a Gusau da Maraɗi kuwa ya rufe ta ruf. A irin wannan lokaci akan hango wani siririn jan layi a gefen rana. Shi ne masana ke kira kuromosfiya, wato shimfiɗar iskar gas mai kaurin kimanin kilomita 2,000 da ta lulluɓe rana. Sauran taurari ma suna da tasu, domin ita kanta rana tauraruwa ce.

To, ta yaya ake sanin halin abin da ba a iya zuwa wurinsa? Idan aka rarraba haske ya fito kamar bakan gizo, akan ga waɗansu baƙaƙen layuka a ciki. Bajamushe Fraunhofer ya ƙididdige su a 1814. Kowane sinadari da nasa layukan, yadda masuncin Matan Fada ke bambanta giwan ruwa da tarwaɗa ta kamanninsu. Ta haka aka gano iskar hiliyam a rana a 1868, shekara 27 kafin a same ta a doron ƙasa.

Amma ganewa sai da abin kwatance. Saboda haka masana suka tara bakan hasken taurari a taska. Kundin Henry Draper, wanda Annie Jump Cannon ta yi wa aiki a Amurka, ya ƙunshi taurari fiye da 225,000. A 1966 kuma Olin Wilson ya soma bibiyar layuka biyu na sinadarin kalsiyam a taurari 91, layukan da ke ƙara haske idan maganaɗisun tauraro ya motsa kuromosfiyarsa. Bayan shekaru ya ga waɗansunsu na tashi suna lafawa, tamkar zagayen shekara 11 na rana.

Wani zai ce ina ruwan Bakabe da wannan? Da ruwansa. A watan Maris na 1989 guguwar rana ta kashe wutar lantarkin lardin Kwibek na Kanada har awa 9. Irin wannan tashin yakan rikita rediyo mai gajeren zango da na'urar GPS da ke cikin wayoyinmu.

Ra'ayina shi ne kada malaman kimiyya su fake da rashin ɗakin gwaji. Kwali mai siririyar tsaga da tsohon faifan CD sun isa ɗalibi ya kwatanta bakan fitilar kananzir da na doguwar fitilar lantarki. Ƙaramin madubin hangen nesa zai jefa hoton rana kan farar takarda a ƙirga tabon da ke fuskarta, amma kul wani ya kalli rana da ido ko ta madubi, makanta ce. Kowace makaranta ta buɗe littafin da za a riƙa rubuta kwanan wata da adadin tabo, jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kebbi su tattara.

Abin da ya ɗaukaka Cannon da Wilson shi ne haƙurin rubutawa yau da gobe, kuma wannan bai fi ƙarfinmu ba. Allah Ya sa mu dace.