Yaron da fushinsa ya wuce kima, likita ya kamata ya gani

Yaro ya yi ta birgima yana kururuwa, yana buga kansa da bango, yana cizon ƙannensa, har abin ya zama na kullum. A gidaje da yawa, ko a ce sangarta ce a ɗauko bulala, ko a ce iska ce a nemi mai ruƙiyya. Sai an gaji ake tuna likita.

Alhali wannan hali kan biyo bayan sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wani farfaɗiya ke damunsa, wani ba ya ji sosai ne, takaici ke tunzura shi, wani kuwa harin 'yan bindiga ya gani da idonsa. Duka ba ya maganin ko ɗaya.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A fara da likitan yara, in da buƙata ya tura asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano ko Kware a Sakkwato. Kada a kai yaro gidan mari: ba mu manta da yaran da aka samu ɗaure da mari a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, da yawansu iyayensu ne suka kai su neman gyaran tarbiyya. Gwamnatocin jihohi kuma su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, domin nan uwa daga ƙauye take fara zuwa.