Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Ranar Asabar da ta gabata na leƙa unguwar Television domin in gaida wani tsohon abokina, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana aiki a masaƙa a Kakuri kafin injuna su yi shiru. Na tarar da shi da ɗansa na fari a tsakar gida, takardun gida na ajiye a gabansu. Ɗan ya karanci fannin lantarki, yana sana'ar haɗa wutar sola, yana da mata da 'ya ɗaya. Bayan mun gaisa sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Baba, raba mana gardama. Landan, Toronto ko Dubai, wanne ya fi?" Uban bai ce uffan ba. Sai da hira ta yi nisa na fahimci cewa gidan da muke zaune a ciki, wanda ya gina da gumin shekara 20, shi za a sayar a biya kuɗin tafiyar.

Na san wannan tambaya tana yawo a zukatan matasa da dama, musamman ɗalibai masu bibiyar wannan shafi, shi ya sa na kawo ta nan. Ba na cikin masu hana tafiya. Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma wanda ya ga yadda masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya ba zai zargi matashi don ya ɗaga kai ya hangi wani wuri ba. Abin da na ce wa yaron shi ne, tun daga tushe ya kuskure tambayar. Hotunan da ke wayarsa na dogayen gine-gine da jiragen ƙasa gaskiya ne, amma ba su faɗa masa a matsayin wa zai zauna a birnin ba, kuma wa ke da ikon ce masa ya tattara ya tafi.

Mu ɗauki Landan. Hanyar da ya yi niyyar bi ita ce ta karatun digiri na biyu. Tun daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana akasarin ɗaliban da ke zuwa irin wannan karatu tafiya da iyalansu, in ban da masu karatun bincike. Ke nan matarsa da 'yarsa a Kaduna za su zauna, a gidan haya, tunda an sayar da na gado. A watan nan dai Kanada ta taƙaita yawan takardun izinin karatu da take bayarwa, ta kuma ɗaga kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta. Ita kuwa Dubai, a 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, ba ta sake buɗe ƙofa ba sai a Yulin 2024. Can zaman yawancin ma'aikata baƙi a ɗaure yake da aikinsu. Ranar da aikin ya ƙare, kwanakin zama sun zama ƙidayayyu, komai daɗewar mutum.

Sannan ga lissafin kuɗi. A farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da gida ya riƙe naira yana biyan kuɗin makaranta kashi-kashi, ya wayi gari kuɗin shekara bai kai na wata huɗu ba.

Babu sabon abu a nan. A Nuwambar 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta bai wa baƙin da ba su da takarda mako 2 su fice, cikinsu har da mutanenmu da suka daɗe a zangunan ƙasar. A 1983 mu ma muka yi wa mutanen Ghana haka, kuma har gobe jakar da ake ɗura kaya a ciki a tashar Television sunan wannan kora take amsawa. A Afrilun 2023 ɗalibanmu da suka zaɓi Khartoum saboda sauƙin kuɗin karatu sun tsinci kansu a motoci suna neman iyakar Masar bayan yaƙi ya ɓarke. Mutanen Kaduna ma ba sa buƙatar a ba su labarin tashin da ba a shirya ba: bayan rikicin shekarar 2000 iyalai da yawa sun ƙetare kogi, wasu kudu wasu arewa, kuma wanda ya fi saurin miƙewa shi ne wanda ke da wurin da zai sa haƙarƙarinsa.

Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja neman goro ba su zaɓar gari don tsayin ganuwarsa. Kafin ayari ya tashi an san zangon da za a sauka, an san mai masaukin da zai tsaya wa baƙo in rigima ta taso, an san hajar da ake nema a can. Kuma ba a taɓa jin falke ya sayar da gidan ubansa don ya sayi jaki ba.

Don haka na ce wa yaron, "Ɗana, ajiye hotunan nan. Bincika mini wace takarda za a ba ka, shekara nawa take yi, kuma ko tana kai mutum ga zaman dindindin. Nemo mini mutum ɗaya a can da ka sani ido da ido, wanda zai faɗa maka kuɗin haya ba tare da ƙarin gishiri ba, ba dillalin biza da ke jiran kamashonsa ba. Gano ko sun yarda da shaidar sana'arka, ko kuwa sai ka sake jarrabawa. Birnin da ya ba ka amsa mai kyau a kan waɗannan shi ne naka, ko da sunansa ba ya cikin ukun nan." Mai haɗa sola da hannunsa ya faɗa yana iya samun kasuwa a Akara ko Abijan, inda ɗan ƙasar ECOWAS ke shiga ba biza na kwana 90, kuma in abu ya ƙi, mota ce za ta dawo da shi.

Game da gidan kuwa, ra'ayina ɗaya ne, kuma na faɗa a gaban su biyun: kada a sayar. Tafiyar da ba za ta yiwu ba sai an cinye wurin komawa, lokacinta bai yi ba. A tara kuɗi, a nemi tallafin karatu, a jira aikin da zai zo da takardarsa.

Da na tashi tafiya, tsohon ya naɗe takardun ya mayar cikin leda, ya rako ni har bakin titi. Ɗan bai ce ya haƙura ba, ya dai ce zai yi binciken ya kira ni. Ina jiran kiran.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in da rai da lafiya.