Filin Mata: Kushe Ba Wayo Ba Ne

 Yau zancenmu a kan masu kushe ne. Kun san irinsu, a gidan biki ko cikin wayar hannu. In an ce za a gyara asibiti, su ce ƙarya ne. In yarinya ta ci jarrabawa, su ce hanya aka bi mata. Mu kuwa sai mu ce, "Kai, wance akwai wayo!"

Me ke kawo wannan hali? Wasu an sha yi musu alkawari ba cikawa, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma sai ya gudu. Wasu tsoro su ke ji kada a ce an ruɗe su. Amma kushe ba ya bukatar ilmi, jahili ma ya iya. Ga kuma ɓarnarsa: yarinyar da ta ji jarrabawa sai da hanya, sai ta ajiye littafi.

Ku dubi garinmu. Kabi da Sakkwato sun daɗe suna yaƙi, amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ya zo Argungu, aka yi bikin su don girmama shi. Da an bi ta masu mugun zato, da zumuncin nan bai ƙullu ba.

Mai hankali kamar mai tsintar shinkafa ta ke, tsakuwa ta kan fitar, ba ta zubar da ƙwarya duka. To, 'yan makaranta, in kun ji labari ku tambaya: wa ya faɗa, ina shaida? Sa'an nan ku yanke hukunci.

Sai mako mai zuwa.