Martani: Siminti Ba Maganin Katangar Ƙasa Ba Ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka shawarci masu gidajen ƙasa su shafe katangunsu da siminti, wai su huta da yaɓen kowace shekara. Wannan shawara gidajen bayin Allah za ta rushe.

Katangar ƙasa tana shan danshi da damina, ta fitar da shi da rani. Siminti ba ya barin danshin ya fita, kuma ba ya kama laka yadda yake kama bulo. Da ya ɗan tsage, ruwa zai bi ta baya ya kwanta. Daga waje bango sumul, ciki kuwa tubali ya koma taɓo. Ƙwanƙwasa irin wannan filasta a watan Agusta, ƙarar fanko za ka ji. Ranar da zai ɓanɓaro yakan taho da rabin bango, kuma a lungunan birni yara ne ke wasa a gindinsa.

Ka kira yaɓe wahalar banza. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 da laka aka gina ta, da yaɓe ake riƙe ta. Maginanmu sun san makuba ta ɓawon ɗorawa, sun san laso na katsin marina.

Mai ƙaramin ƙarfi ya fara gyara indararo, kada ruwa ya riƙa dukan gindin katanga, sannan ya sabunta yaɓe kafin saukar damina.

Don Allah ka janye maganar nan, akwai masu ɗaukar ta da gaske.