Farautar Koyote A Amurka: Ƙirge Daban, Lissafi Daban

Koyote wani naman daji ne da ake samu a nahiyar Amurka ta Arewa, ɗan'uwan dila ne da kyarkeci, ya kuwa yi kama da dila wajen siffa da wayo. Makiyayan tumaki na yammacin Amurka sun daɗe suna kuka da shi, domin yana kashe musu 'ya'yan tumaki. Saboda haka ne a shekarar 1931 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta ba gwamnati ikon kashe namun dajin da ke yi wa dabbobin kiwo ɓarna. Aka shiga yaƙarsa da tarko da bindiga da guba, har da harbi daga jirgin sama, kafin Shugaba Nixon ya hana zuba guba a filayen gwamnatin tarayya a 1972.

Kowace shekara akan bayyana sakamakon wannan aiki. A 2018 wani sashe na Ma'aikatar Gona ta Amurka ya kashe koyote fiye da 68,000. Jihar Utah kuwa a 2012 ta sa ladan dala 50 a kan kowane ɗaya da mafarauci ya kashe. Wanda ya ji irin wannan adadi sai ya ce lalle an kusa ganin bayan dabbar nan. To, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Adadi tsirara ba ya gaya wa mutum kome sai an gwada shi da wani abu, wannan gwaji kuwa shi ne ƙididdiga. A ce mafarauta 100 sun fita sun kashe koyote 50, wasu 20 kuma sun fita wani daji sun kashe 30. Ga ƙirge, na farko sun fi. Ga lissafi kuwa, mutum biyu ne suka tarar wa dabba ɗaya a ƙungiyar farko, alhali a ta biyu kowane mutum biyu sun sami uku. Watau yawan gawa yakan nuna yawan mafarauta da kwanakin da suka yi a daji da kuɗin da aka kashe, ba lalle ne ya nuna abin da ya rage a raye ba.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce: daga cikin nawa? A 1972 wani masani mai suna Frederick Knowlton ya ba da rahoton cewa a jihar Texas, inda ba a matsa wa koyote ba, macen takan haifi 'ya'ya kamar huɗu, amma inda aka tsananta kisa takan haifi kusan bakwai, domin abinci ya wadata ga waɗanda suka tsira. A 1975 kuma waɗansu masana biyu, Connolly da Longhurst, suka yi lissafi suka ga sai an riƙa kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara, har fiye da shekara 50, kafin a ƙare su. In kuwa aka tsaya a hanya, cikin 'yan shekaru sai su komo yadda suke.

Abin da ya faru ya gaskata masanan. Koyoten da a da aka fi saninsa a filayen yamma da tsakiyar nahiyar, yau ana samunsa tun daga Alaska har Panama, yana cikin kowace jiha ta Amurka ban da Hawaii, har cikin birane irin su Chicago.

Har ila yau akwai maganar tumakin da aka ce dominsu ake yaƙin. A 1942 Amurka tana da tumaki wajen miliyan 56, a 'yan shekarun nan kuwa ba su wuce miliyan biyar da ɗoriya ba. Saboda haka in aka ce yawan tumakin da koyote ke ci ya ragu, wajibi ne a tambaya ko farauta ce ta yi aiki, ko kuwa garken ne ya ƙanƙance. Wani bincike da Kim Berger ta buga a 2006 ya nuna tsadar ciyawa da ladan ma'aikata da farashin rago sun fi kuɗin kashe namun daji tasiri a kan yawan tumakin ƙasar.

Makiyayin da ya wayi gari ya iske gawar 'yan tumakinsa, asararsa gaskiya ce, yana kuma da haƙƙin a kāre masa dukiya. Abin da ya cancanta a gaya masa shi ne, cikin kowane ɗari na garkensa nawa suka tsira bana in an gwada da bara, nawa kuma aka kashe na kuɗin jama'a kafin a tsirar da kowane ɗaya. Hukumar da ta kawo masa lissafin wutsiyoyi kaɗai, ba ta amsa tambayarsa ba tukuna.