Kambamawa daban, ƙarya daban

1/ Wai duk mawaƙi maƙaryaci ne saboda yana kambamawa. Haba jama'a! Mai faɗin haka ya leƙo kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a.

2/ Dillali zai ce maka, "Alhaji, wannan sa ai giwa ne." Ba wanda zai tsaya neman haurensa, kowa ya gane ƙato ake nufi. Amma in ya rantse san lafiyarsa ƙalau alhali ya san yana ciwo, wannan ha'inci ne, sai an dawo da kuɗi.

3/ Haka waƙa take. Narambaɗa da Shata sun mai da mutane zakuna da giwaye, wa ya ruɗe? Gandoki na Bello Kagara har ƙasar aljannu ya je, tun 1934 ake karanta shi, ba wanda ya ce an cuce shi.

4/ Faɗana da wasu mawaƙan siyasa ne. Ka kira ɗan takararka zaki, ba ruwana. Amma ka rera wai ya wadata mu da ruwan famfo, alhali muna bakin kogi muna jiran 'yan garuwa?

5/ Kuma in an yi magana ka ce adon harshe ne. Malam, wane ado? Ga famfon nan a ƙofar gidanmu, zo ka murɗa ka gani.