Kafin Isnadin Ya Yanke: Labarin Kakanni Kan Zuwan Nasara Da Rabon Ƙasa



A garin Fakku da ƙauyukan da ke bakin Gulbin Ka, haka nan a Kebbe da Kuchi har zuwa Tambuwal, akwai tsofaffi 'yan shekara 80 zuwa sama waɗanda suka ji labarin zuwan Nasara daga bakin waɗanda suka gani da idonsu. Lissafin ba shi da wuya. Yarinyar da take da shekara 10 lokacin da Sakkwato ta faɗi a 1903, idan Allah Ya ja kwananta zuwa 1970, to jikanta da aka haifa a 1945 ya zauna da ita shekara 25, ya ci tuwonta, ya kwana a ɗakinta, ya ji abin da take faɗa in dare ya yi. Wannan jikan shi ne tsohon da yake zaune yau a ƙofar masallaci da carbi a hannu, matasa suna gaishe shi suna wucewa. Tsakaninsa da ranar Giginya mutum ɗaya ne tak. Duk ɗalibin Islamiyya ya san darajar gajeren isnadi a wurin malaman hadisi, har sukan yi tafiyar wata da watanni domin su same shi. Ga shi nan a zaure kyauta, ba mai ɗauka.

Abin da makarantar boko take koya wa yaro game da wancan zamani bai wuce layi biyu ba: Gwamna Lugga ya ci Arewa a 1903, ya haɗe ta da Kudu a 1914. Shi ke nan, sai jarrabawa. Ba a gaya masa cewa rundunar da ta taso daga Kano da wadda ta taso daga Argungu a Shagari suka haɗu ba, wato nan kusa, a kan hanyar da mutanen Tambuwal suke bi zuwa Sakkwato har yau. Ba a gaya masa cewa ranar 15 ga Maris 1903, cikin watan Zulhajji na 1320, bayan an gwabza a Giginya, al'umma ta rabu gida biyu a kan tambaya guda mai nauyi: a zauna ƙarƙashin kafirai ko a yi hijira? Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya zaɓi hijira, ya nufi gabas, talakawa da malamai suka dinga barin gonakinsu suna bin sa, har aka cim masa a Burmi ta ƙasar Gombe ranar 27 ga Yuli, ya yi shahada tare da mutum sama da 600. Waziri Buhari kuwa ya komo Sakkwato, ya rubuta wa ma'abota ilimi wasiƙa yana bayyana hujjarsa ta zama domin kada a bar Musulmi ba jagora. Dukkansu malamai ne, dukkansu da hujja suka yi aiki. Wannan muhawara ba a fada kaɗai aka yi ta ba. An yi ta a gidajen talakawa, tsakanin wa da ƙane, tsakanin miji da mata, wani ya ɗaura kaya ya tafi, wani ya tsaya saboda tsohuwar uwa da ba ta iya tafiya. Sunayen waɗanda suka tafi ba su cikin kowane littafi. A bakin tsofaffi kaɗai suka saura.

Waɗanda suka tsira daga Burmi ba ɓacewa suka yi ba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja su har ƙasar Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ake kira da sunansa har yanzu. Jikokinsu da na mahajjatan da suka bi sawunsu a ƙasa su ne suka yi wa Sudan noman auduga a Jazira. Amma a 2022, sama da shekara 100 da zuwansu, rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta, aka kashe ɗaruruwan mutane, ana ce wa Hausawa baƙi ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai sauraren rediyo a Kebbe ya ji labarin kamar na wata duniya, alhali kuwa mai yiwuwa ne cikin mamatan akwai jikan ƙanen kakansa, shi bai sani ba, domin ba wanda ya taɓa tambayar kaka sunan ɗan'uwanta da ya yi gabas.

Sai kuma iyaka. Yana da kyau mai karatu ya san yadda aka yanka ƙasar nan, don ya san darajar layin da ake tsare shi a kansa. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a Tafkin Chadi, ba tare da Sarkin Musulmi ya ma san ana yi ba. A 1898 suka sake zama a Faris, suka kafa tsinke a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingilishi, na waje na Faransa. Da Faransawa suka ga hanyar da ta rage musu zuwa Damagaram ba rijiyoyi, sai suka nemi a gyara. A yarjejeniyar 1904 Ingila ta sakar musu ƙasa, su kuma suka bar mata haƙƙinsu na kamun kifi a gaɓar wani tsibiri mai suna Niyufanlan can kusa da Kanada. Subhanallah! Garuruwan Musulmi, da masallatansu da maƙabartunsu, an sa su cikin cinikin da ake maganar kifi. Tsakanin 1906 da 1908 wani Manjo Bature da wani Kyaftin Bafaranshe suka bi daji suna kafa alamomi, shi ne Birnin Ƙonni ya koma can, Illela tana nan, Tsibiri can, Sabon Birni nan, Maraɗi can, Katsina nan. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, auratayya ɗaya.

Wani zai ce ina ruwan Fakku, tunda tana kudu, nesa da iyaka? Amsar ita ce iyakar ce ta taka da ƙafarta ta zo. Tun 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Arewa da Ƙonni tana ƙona garuruwa tana yanka mutane, jama'a suka fara gangarowa kudu. Bayan haka ga harajin Faransa, ga aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai 1946, ga kamun samari zuwa soja, ga yunwar 1913 zuwa 1914, ga ta 1931. Duk lokacin da aka matsa musu, sai Adarawa da Arawa da Zabarmawa da Gobirawa su tsallako da dare, da jaki da tukunya da yara, su nemi inda akwai ruwa da ƙasar noma. Wanda ya duba sunayen unguwanni da tungaye a faɗin ƙasar Sakkwato zai ga sawunsu. Mutanen da suka tarar, su ma ba masu hali ba ne, amma suka yanka musu gona, suka ba su aure, ba a tambayi takarda ba. Abin kunya ne jikan wanda aka saukar jiya ya zama shi ne mai yi wa ɗan Nijar da ya zo cin rani kallon banza, ko ya yi shiru yayin da aka rufe iyaka a 1984, aka sake a 2019, aka kuma sake a 2023 har da yanke wutar lantarki, motocin abinci da magani suka yi layi a Illela sai a Maris 2024 aka buɗe. Wanda ya san daga ina kakarsa ta fito ba zai ɗauki wannan a matsayin rigimar gwamnatoci kawai ba.

To amma a yi hattara da abu guda. Ba duk labarin kakanni ne mai daɗin ji ba, kuma wanda zai rubuta dole ya ji tsoron Allah ya rubuta yadda ya ji. Akwai gidajen da abin da suke tunawa da shi na 1903 shi ne shekarar da kakansu ya tsere daga bauta ya nemi hanyar garinsu, domin bayi da yawa sun gudu a shekarun nan. Akwai gidajen da kakansu yana cikin sojan Bature, tunda sanannen abu ne Turawan da ke cikin rundunar 'yan kaɗan ne, masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, da yawansu Hausawa. Akwai Satiru, kusa da Sakkwato, inda a 1906 talakawa da bayin da suka gudu suka kashe Turawa, aka dawo aka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000, kuma da dakarun sarakuna aka je. Irin wannan ba a faɗarsa a taron suna. Idan aka tace labari aka bar jarumtaka kaɗai, ya zama kirari, kirari kuwa aikin maroƙa ne. Haka nan tsoho yakan haɗa yunwa biyu ya mai da su ɗaya, ko ya ba Bature ɗaya aikin Turawa uku. Ba laifi ba ne, shekaru ne. Maganinsa shi ne abin da malaman hadisi suka yi: a rubuta wa ya faɗa, daga wa ya ji, a nemi wani tsohon a wani ƙauye a gwada.

Wasu al'ummu sun riga sun farga. Lokacin da Ingila ta raba Indiya da Pakistan a 1947, mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, aka kashe dubban ɗaruruwa. Jikokinsu ne suka tashi da na'urar ɗaukar magana suna bin tsofaffi gida gida, har suka tara labarin mutum sama da 10,000, aka kuma buɗe gidan tarihi na musamman a birnin Amritsar a 2017. Falasɗinawa har yau suna gadar wa 'ya'yansu makullan gidajen da aka kore su daga ciki a 1948, tare da sunan ƙauye da na rijiya. A nan ƙasar Hausa kuwa, littafin da ya fi shahara na rayuwar tsohuwar da ta ga zuwan Turawa shi ne na Baba ta Karo, kuma wata Baturiya ce, Mary Smith, ta zauna da ita tsakanin 1949 da 1950 ta rubuta. Baba ta rasu a 1951. Da an ƙara jinkirin shekara biyu da ba a samu komai ba. Marigayi Waziri Junaidu ya yi nasa ƙoƙarin, Allah Ya saka masa, ya tsare tarihin gidan Shehu da na daula. Na talakan Gulbin Ka kuma wa zai tsare?

Lokaci ya ƙure fiye da yadda ake zato, saboda tsufa ba shi kaɗai ke cinye tsofaffi yanzu ba. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Sakkwato da Zamfara da Kebbi, yankin Kebbe ma bai tsira ba. Tsohuwar da ta san inda tsohuwar maƙabarta take da iyakar gonar gado, an ɗauko ta a kan babur an kai ta gidan dangi a cikin gari, ta yi shiru, ba ta da wanda za ta nuna wa kuka ko tsamiyar da labarin ya rataya a kai. Hijira ta sake dawowa gidan da aka gina da hijira.

Aikin ba ya buƙatar kuɗin gwamnati ko izinin kowa. Wayar da ke aljihun kowane saurayi tana ɗaukar murya ta sa'o'i. Malaman Islamiyya na Fakku da Kebbe da Tambuwal suna iya sa wa manyan ɗalibai wannan a matsayin aikin hutu, maza su je wurin tsofaffi maza, 'yan'uwa mata su shiga cikin gida, domin rabin labarin yana wurin mata, su ne suka goyi yara a hanya, su ne suka san wa ya auri wa. A je da ladabi, da goro, bayan la'asar. Kada a ce "ba ni tarihi", tsoho zai ce shi bai san tarihi ba. A tambaye shi sunan kakarsa, da garin da aka haife ta, da abin da ya tashe su, da hanyar da suka bi, da wanda ya fara saukar da su, da wanda aka bari a baya. A rubuta da boko ko da ajami, a sa rana da sunan mai faɗa da sunan wanda ya ji daga gare shi. Kwafi ɗaya ya zauna a gida, ɗaya a hannun limami ko shugaban makaranta, wanda ya samu hali kuma ya kai ɗaya Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.